Yadda Murya Ke Tafiya A Kan Data

Ran Jumma'a, idan kasuwar shanu ta Wudil ta cika, da wuya a ga dillalin da babu waya a kunnensa, yana ciniki da mai saye a Ikko ko Fatakwal. Da yawansu da data suke magana, ta WhatsApp, wadda ta soma ɗaukar kiran murya a 2015. Wannan kira kuwa hanyarsa dabam take da ta kiran kati, kuma lalle ya kamata mai dukiya ya san bambancin.

Tarho na dā, da kiran salula irin wanda ya zo Nijeriya a 2001, hanya guda ake keɓe wa mutum biyu har su gama. Ko sun yi shiru, tasu ce. Amma a kiran data, waya ce ke mai da murya lambobi, ta matse su, sa'an nan ta yanyanka su gutsure-gutsure. Galibi gutsure 50 ke fita cikin kowace daƙiƙa.

Misalinsa kamar littafin hannu ne da ba a ɗinke ba, warƙa-warƙa cikin gafaka. Malamai sun san kalmar da marubuci ke ajiyewa a ƙasan warƙa domin a gane mai bi mata. To, haka kowane gutsure ke ɗauke da lambarsa da adireshin inda za shi. Su hau turken sabis, su cuɗanya da hotuna da saƙonnin jama'a, wani ya yi sauri, wani ya makara. Wayar mai sauraro ta ɗan dakata, ta jera su bisa lamba, ta mai da su murya. Da yake ba a keɓe wa kowa hanya ba, shi ya sa kiran Makka da na Gaya kusan data ɗaya suke ci.

Sai dai akwai aibi. Warƙar da ta ɓata a littafi ana iya sake rubuta ta, amma zance ba ya jira. Gutsuren da ya makara galibi watsar da shi ake yi, waya ta cike gurbin da kintace ko shiru. Idan jinkiri ya yi yawa kuma, sai mutum biyu su dinga cin karo da magana. Ranar kasuwa, da dubban wayoyi suka taru a kan turakun gari, abin ya fi tsanani, kuma nan ne “dubu ɗari tara da hamsin” kan iso kunne babu “da hamsin”.

Rubutaccen saƙo da muryar da aka naɗa ba haka suke ba, domin abin da ya ɓace daga cikinsu sake aiko shi ake yi har ya cika. Saboda haka dillali mai lura, in an yi sallama a kira, sai ya bi da saƙo mai faɗin kuɗi da yawan shanu kafin a loda mota.