Fitilar neyon, ma'aunin hasken taurari

Mu da muka taɓa laluben tasha a rediyon da lambobinsa suka goge, mun san matsalar masu nazarin taurari don sha'awa. Na'urarsu, sifektirogiraf, tana tsaga hasken tauraro kamar bakan gizo, layi-layi. Amma kyamara wurin layi kawai take nunawa, ba ta faɗin tsawon zangonsa.

Nan fitilar neyon ke shigowa. An san layukanta sarai: nanomita 585,2 da 640,2 da 703,2. Sai a ɗauki hotonsu, kwamfuta ta maishe su ma'auni, a gwada layin haidurojin na tauraro, mai zama a 656,3. Shi ya sa kamfanin Shelyak na Faransa ya saka fitilar cikin na'urarsa Lhires III.

Gusawar layin ita ke nuna gudun tauraro. Kuskuren nanomita 0,1 kacal ya isa a laƙa masa gudun kilomita 46 a daƙiƙa, wanda bai yi ba. Ga shi sanyin dare da juyawar madubin hangen nesa suna gusar da layuka. Don haka masu lura kan kunna fitilar kafin ɗauka da kuma bayanta, kada wahalar dare ta tashi a banza.