MS 61: jirgin ƙasan da ya yi kusan shekaru 50 yana kai ma'aikatan Paris wajen aiki

Duk wanda ya san kasuwa ya san cewa rumfa mai ƙunƙuntar ƙofa tana korar ciniki. Wannan tunani ne masu ƙera jirgin ƙasa MS 61 suka bi, wato jirgin nan mai aiki da wutar lantarki da ya riƙa jigilar mutanen unguwannin kewayen birnin Paris na Faransa, daga shekarar 1967 har zuwa 2016.

Lambar 61 tana nuna shekarar da aka tsara shi, wato 1961. A lokacin birnin yana ta faɗaɗa, ma'aikata da masu ƙananan sana'o'i suna kwana a bayan gari, kowace safiya su yi sammako zuwa cikin birni. Kamfanin sufuri na RATP ya buƙaci jirgin da zai kwashe jama'a da yawa ba tare da ya daɗe a tasha ba.

Saboda haka aka yi wa kowane tarago ƙofofi 4 a kowane gefe, ta yadda masu sauka da masu hawa ba za su cushe wuri guda ba. Tarago uku-uku ake haɗawa: na gaba da na baya su ke da injin, na tsakiya kuwa jan sa ake yi. Idan cunkoso ya yi yawa sai a haɗa rukuni uku, ya zama tarago 9 masu ɗaukar mutum kimanin 1,900. Gudunsa yana kai kilomita 100 a awa, wutarsa kuma volt 1,500 ce daga wayar da ke sama. Rukuni 127 aka ƙera, na ƙarshe a 1980.

Ya fara aiki a layin Sceaux, sannan a watan Disamba na 1969 ya buɗe hanyar Nation zuwa Boissy-Saint-Léger. A 1977 aka haɗe gabas da yamma ta babbar tashar Châtelet-Les Halles, layin ya zama RER A. A taragon tsakiya akwai ɓangaren masu biyan kuɗi da yawa, har zuwa 1999 da aka soke wannan bambanci, mai kuɗi da talaka suka koma zama tare.

To me ya kawo ƙarshensa? Na farko, rassan Cergy da Poissy suna amfani da wuta mai volt 25,000, wadda MS 61 ba ya iya aiki da ita. Na biyu, fasinjojin layin sun haura miliyan ɗaya a ranar aiki, alhali ba a iya ƙara tsawon jirgi fiye da tsawon dandamalin tasha. Da ba a samu fili a ƙasa ba, sai aka hau sama: daga 2011 aka shigo da MI 09 mai bene, wanda ke ɗaukar mutum kimanin 2,600.

Ran 16 ga Afrilun 2016 MS 61 ya yi tafiyarsa ta ƙarshe. Mu da muke rayuwa da saye da sayarwa mun san wannan lissafi: ba tsufa kaɗai ke sa a canza rumfa ba, wani lokaci masu sayen ne suka fi ƙarfinta.