AZURFAR BUZU DA ƘYAUREN DOGON: WA YA SAN DARAJARSU?

Zan fara da wani laifi wanda ni ma ina da hannu a ciki.

Lokacin da Allah ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa, muka zauna rabon ɗan abin da ta bari, sai aka jawo wani tsohon adudu daga ƙarƙashin gadonta. Ban da zannuwa da kwalaben turare, an tarar da wani ƙullin tsumma. Da aka kwance sai ga jar talhatana guda, da awarwaro biyu na azurfa, da wata 'yar azurfa mai zobe a sama da tsinaye uku a ƙasa, duk ta yi baƙi saboda daɗewa. Ba wanda ya san sunanta. Innarmu, ƙanwar marigayiya, ita ce kaɗai ta tuna cewa mahaifinsu ya zo da ita daga arewa, zamanin da yake fataucin goro tsakanin Kumasi da ƙasar Hausa. Da yake magada suna da yawa, azurfa kuwa ba ta rabuwa sai an mai da ita kuɗi, aka kai wa wani maƙerin zinariya a kasuwa. Ya ɗora a sikeli, ya biya kuɗin nauyi, ya jefa a tukunyar narki. Ina tsaye a wurin, ban ce uffan ba.

Sai bayan shekaru na san abin da muka narkar. Wata rana na taso daga makaranta, na bi ta Aboabo, na ga wani dattijon Buzu ya shimfiɗa baƙin ƙyalle ya jera kayansa, kuma ga irin waccan azurfa tamu a tsakiya. Na tsaya muka gaisa, Hausarsa garau irin ta mutanen Agadas. Ya ce mini a harshensu sunanta teneghelt, Faransawa ne suka laƙaba mata gicciyen Agadas, alhali ba abin da ya haɗa ta da coci. Tun daga ranar na mai da rumfarsa wurin hira.

Mu a zango da an ce Buzu sai a tuna maigadi, mai rawani da butar shayi a bakin gidan wani attajiri. Fari ne ya koro da yawansu, na 1973 da na 1984, waɗanda suka ƙarar musu da dabbobi. Amma cikin Abzinawa akwai wani jinsi da ake kira inadan, wato maƙera, waɗanda sana'ar gado ce gare su. Mazan su ke aikin ƙarfe da azurfa da itace: takobi, da sirdin raƙumi, da laya, da kwado. Matan kuwa dukanci, su ke yin jakunkuna da matasan kai na fata masu tuntaye. A al'adarsu ta da azurfa ce abin ado, zinariya ba ta dame su ba. Azurfar kuwa galibi daga liyari ake samunta, wato tsohon kuɗin nan mai hoton sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya, wanda tun daga 1780 ko yaushe aka buga shi wannan shekarar ce a jikinsa. Nauyinsa giram 28 ne, kuma kashi 83 cikin 100 azurfa ce.

Na zauna na ga yadda ake yin teneghelt da idona. Da kakin zuma ake fara siffanta ta. Sai a lulluɓe kakin da yumɓu, a bar ɗan baki, a shanya. In ya bushe a sa a wuta, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa a cikin yumɓun. Sa'an nan a zuga gawayi da zugazugi har azurfa ta zama ruwa, a ɗura a gurbin. Idan ta huce dole a fasa yumɓun kafin a fito da ita, saboda haka kowace ɗaya da nata kakin da nata yumɓun, ba a taɓa samun biyu iri ɗaya sak. Bayan wannan ne aikin gaske yake farawa, wato goge ta da magagari, da zana mata layuka da ɗige-ɗige da bakin kurfi, maƙeri na riƙe da ita da yatsun ƙafa a kan guntun itace. Wasu sukan sa sunansu a baya da tifinagh, rubutun Abzinawa. Ana lissafa iri 21 a ƙasar Nijar, kowace da sunan gari, kamar Iferwan da Ingal da Tawa da Bilma, ko da yake dattijon ya yi dariya ya ce wannan jeri kasuwa ce ta daidaita shi, don Bature yana son a ce masa abu ya cika saiti.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rawanin da ke kansa. Na yaba, sai ya ce ai naku ne. Gaskiyarsa. Rawanin da Buzu ya fi ji da shi, wanda suke kira alasho, ɗan Kura ne, daga garin Kura da ke kudu da Kano. A saƙa shi siriri kamar faɗin yatsa, a harhaɗa da allura, a tsoma a marina sau da yawa har ya ƙoshi da baba, sa'an nan mabuga su barbaɗa masa shuni su yi ta bugu a kan gungume har ya riƙa walƙiya. Shunin nan ne ke zuba a fuska da hannu, shi ya sa Turawa ke ce musu shuɗɗan mutane. Ayarin Abzinawa kan ɗauko kantun gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, su gangaro ƙasar Hausa su musanya da gero da turkudi. Da Bature Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Hatta kalmomi mun yi tarayya: mu ce takobi, su ce takoba, kuma shugaban ayari madugu ne a bakinmu da nasu.

To, bari mu leƙa yamma, ƙasar Mali, wurin Dogon, waɗanda su ma kayansu ke cike da rumfunan masu sayar wa baƙi a Ankara da nan Kumasi. Suna zaune a gindin wani dogon dutse da ake kira Bandiyagara, mai tsawon kimanin kilomita 150, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1989. (Wani abin dariya, Fulani da sunan da suke kiranmu da shi suke kiransu, wato Haɓe.) A cikin kogunan dutsen an sami tufafin mutanen Tellem, waɗanda suka riga Dogon zama a wurin, saƙar fari da baƙi ta ƙarni na 11, kuma tana cikin mafi daɗewar saƙa da aka samu a Afirka ta Yamma. Su Dogon manoman gero ne, rumbu shi ne bankinsu. Akwai rumbun maigida na hatsi, akwai na uwargida inda take ajiye kayanta, miji ba ya sa hannu. Ɗan ƙyauren rumbun maƙeri ne ke sassaƙa shi, da siffofin kakanni a jere da makulli na itace. Haka kuma ginshiƙan toguna, rumfar shawara ta dattawa, wadda ake yi wa rufin karan gero mai kauri, a kuma gajarta ta ƙwarai yadda wanda ya fusata ba shi da halin miƙewa tsaye.

Waɗannan ƙyamare da ginshiƙai su aka yi ta kwasa. Tawagar Bafaranshe Marcel Griaule da ta ratsa daga Dakar zuwa Jibuti tsakanin 1931 da 1933 ta koma Faris da kaya fiye da 3,000 daga ƙasashen da ta bi, ciki har da na Dogon. Bayanta 'yan kasuwa suka biyo. Abin ya kai a wasu ƙauyuka dattawa da kansu suka sa gatari suka ɓata sassaƙar ginshiƙansu don kada ɓarawo ya yi sha'awa.

A nan ne maganar ta dawo gida, kuma na san wasu ba za su ji daɗi ba. Wa ke ɗauko kayan daga ƙauye ya kai wa Bature? Da yawa 'yan uwanmu ne. Wani Ba'amurke, Christopher Steiner, ya wallafa littafi a 1994 kan cinikin kayan gargajiya a Abijan, kuma Hausawa na cikin manyan dillalan da ya tarar. Dillanci ba haramun ba ne, da shi iyayenmu suka kafa zango. Inda nake da ja shi ne ha'inci. Sabon ƙyaure da aka sassaƙa jiya, a rataye shi a madafa ya sha hayaƙi, a shafa masa man kaɗanya da tofin goro, a binne shi gara ta ɗan taɓa, gobe a rantse wa mai saye cewa ya shekara 200. Shi kuwa masassaƙin da ya yi aikin ba a ko ambaci sunansa, domin in aka ce yana da rai farashi ya faɗi. Haka azurfa: ana kawo ta farin ƙarfe, zubin inji, a ce ta Agadas ce, a karya wa mai ta gaske kasuwa. Maƙwabtanmu Asante sun daɗe da sanin wannan. Bargon ulu na Fulanin Masina, wanda suke kira nsaa, da shi sarakunansu ke shimfiɗe makarar da ake ɗaukarsu a ciki ranar biki, kuma suna da karin magana cewa wanda bai san nsaa na ainihi ba shi ke sayen jabu.

Yaƙi kuma ya zo ya ƙarasa. Tawayen arewacin Nijar na 2007 ya kori masu yawon buɗe ido daga Agadas, rikicin Mali na 2012 da kashe-kashen da suka biyo baya suka kore su daga Bandiyagara. Shi ya sa maƙeri kamar abokin hirata ya baro garinsu da zugazuginsa a buhu.

Akwai wata dabara da ta burge ni. A 1997, a ƙauyen Fombori na Dogon kusa da Duwanza, an buɗe abin da suka kira bankin al'ada. Mai tsohon abu, maimakon ya sayar wa dillali, sai ya kai shi ajiya a ɗakin tarihin ƙauyen a ba shi rance ya yi jari. In ya biya, kayansa na nan nasa. Kuma gwargwadon labarin da ya iya bayarwa a kan abin, wa ya yi shi, wa ya gada daga wa, gwargwadon rancen da zai samu. Da muna da irin wannan a zango, ko da a hannun kwamitin masallaci ne, da azurfar kakanmu ba ta shiga wuta ba.

A ajina na sa yara kowa ya je ya tambayi kakarsa abu guda da ke cikin adudunta, ya rubuto sunansa da inda ya fito. Wasu sun dawo da labarin tasoshi da munduwa, wasu sun dawo da cewa an riga an sayar.

Talhatanar nan ita kaɗai ta tsira, don maƙerin zinariya ya ce dutse ne, ba ya saye. Na kai wa dattijon, ya juya ta a tafin hannu, ya ce su talhakimt suke ce mata, kuma irinta daga Indiya da Jamus fatake ke kawowa. Na ce, "Baba, a yi mata gida na azurfa, 'yata zan ba." Ya faɗi kuɗin aikinsa, na buɗe baki zan taya kamar yadda muka saba, sai na fasa. Ya ce in dawo bayan sati biyu, don kakin zumarsa ya ƙare, sai ya aika Tamale an kawo.