HAYAƘIN DA KE SA IDO HAWAYE

Da hunturu ya kama, wanda duk ya bi hanyar Dutse zuwa Kiyawa ko Jahun da magariba zai ga hayaƙi ya kwanta bisa ƙauyuka. Wani na murhu ne, wani na juji, wani kuwa na yayin gona. Dalilin kwanciyarsa shi ne, da dare iskar da ke dab da ƙasa takan yi sanyi ta yi nauyi, sai hayaƙi ya kasa tashi, mu kwana muna shaƙa.

To, mene ne ke sa ido hawaye, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi? Wasu iskoki ne masu dafi, 'yan gida ɗaya, masana na ce da su kabonil. Sukan fito in abu ya ƙone rabi da rabi, watau kamar ɗanyen itace, ko jiƙaƙƙen kara, ko kandilo, ko leda. Babbansu sunansa fomaldihaid, shi ne fa ke cikin ruwan maganin nan da a kan adana gawa da shi a asibiti. A cikin 2004 hukumar binciken ciwon daji da ke Liyon, ƙasar Faransa, ta tabbatar yana jawo wa mutum ciwon daji a can bayan hanci. Ɗan'uwansa akrolin kuwa yakan tashi har daga kaskon suya, in an bar man gyaɗa ya yi ta hayaƙi wajen tuyar ƙosai ko ƙuliƙuli.

Kada a ɗauka abin wasa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida, da dukan dattin da ke cikinsa, ya kashe mutum wajen miliyan 3.2 a cikin 2020. Mata sun fi shan wahalarsa, da jariran da ke goye a bayansu, gama su ke wuni bakin murhu.

Ga abin da za mu iya yi ba tare da kashe kuɗi ba:

1. A tara itace da kara su bushe sarai kafin a sa a wuta.

2. A buɗe wa ɗakin girki taga biyu masu duban juna, ko a yi girki a rumfa.

3. Kada a kwana da kaskon wuta a ɗaki rufe, kome sanyi.

4. Kada a hura wuta da leda ko guntun roba.

5. In lokacin sharar gona ya zo, a zuba yayi a rami tare da kashin dabbobi, ya ruɓe ya zama taki.

Manomin da ya cinna wa yayi wuta ya yi hasara biyu ke nan: abincin da ƙasarsa za ta ci ya bi iska, ƙirjin iyalinsa kuma ya kwashi hayaƙi. Wanda tari ya ƙi sakinsa har mako biyu, lalle ya tafi asibiti a duba shi. Rigakafi dai ya fi magani.