Motocinmu Da Ke Kwana A Waje: Yadda Za Mu Ceci Fentinsu

Duk wanda ya bi babban titin Nima bayan sallar isha'i zai ga motoci jere a gefen hanya har zuwa Maamobi, tasi da tirotiro da na gida. Ba da son masu su ba ne. Yawancin gidajenmu na haya ne, lungunanmu kuwa wasu ko amalanke ba ta wucewa, balle a yi maganar gareji. Don haka motar da mutum ya yi shekaru yana tara kuɗinta kafin ya fito da ita daga tashar jiragen ruwa ta Tema, a waje take wuni, a waje take kwana.

Abin da ya fara nuna wahalar shi ne fenti. Fentin mota hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai kare ƙarfe daga tsatsa, sai mai launi, sai kuma na sama mai sheƙi wanda ba shi da launi. Dukansu idan an haɗa, kaurinsu bai wuce na takarda ɗaya ko biyu ba. Na saman shi ke tare zafin rana, kuma da zarar ya cinye sai ka ga rufin mota da bonet sun yi fari-fari suna ɓarewa. Daga nan wanki ko goge ba su da amfani, sai dai a je wurin mai feshin fenti.

Babban abin takaici shi ne, mafi yawan ɓarnar da hannunmu muke yin ta. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan kawo ƙura daga Sahara ta lulluɓe birnin Ankara. Da asuba direba zai ɗauki busasshen tsumma ya share jikin mota don ya kama hanya. Ƙurar nan ɓarɓashin yashi ce, kuma goga ta a bushe daidai yake da kankare fenti. A fara watsa ruwa ya kwashe ƙurar, sannan a sa tsumma mai laushi. Omo kuwa na tufafi ne, yana cire man da ke kare fenti. Sabulun wankin mota ya fi, kuma a yi wankin da safe ko da yamma lokacin da ƙarfe ya huce. Tsumman taya daban, na jikin mota daban.

Inuwar bishiya ma tana da nata sharrin. Kowa ya san jemagun da ke bishiyoyin kusa da Asibitin Sojoji na 37, kuma da magariba sukan bazu cikin gari neman 'ya'yan itace. Kashin jemage da na tsuntsu suna cin fenti, musamman idan rana ta gasa su a kai. Kada a bari ya kwana biyu, kada kuma a kankare shi da farce. A jiƙa tsumma a ɗora na 'yan mintoci har ya yi laushi, sai a ɗauke.

Kada mu manta muna bakin teku. Iskar Ankara tana ɗauke da laima da gishiri, saboda haka ɗan ƙwarzanen da babur ko ƙahon ragon layya ya yi wa mota, idan ya kai ga ƙarfe, nan tsatsa ke kamawa. A ɗiga masa fenti tun yana ƙarami. Da damina kuma a riƙa wanke taɓon da ke maƙalewa a ƙarƙashin mota, a kuma guji ajiye ta a bakin babbar gota. Ambaliyar ranar 3 ga Yuni 2015 da ta kwashe motoci a wannan birni ta ishe mu darasi.

Game da rigar mota, tana taimakawa, amma sai a kan motar da aka wanke ta bushe. Idan an rufe mai ƙura, iska za ta riƙa goga rigar a jikinta. Tampol ko leda kuwa suna riƙe laima. Shafa man folish duk bayan wata 3 ya fi su amfani.

Ga direban tasi da ke biyan kuɗin mota kaɗan-kaɗan, wannan ba maganar ado ba ce. Ranar da motar ke wurin feshi ba ta kawo ko sidi ɗaya, kuma ranar sayarwa mai saye jiki yake fara dubawa kafin ya buɗe inji. Kafin hunturu ya shigo, bokitin ruwa da tsumma mai laushi sun fi zuwa Kokompe araha.