Ginin Sashen Nazarin Muhalli: Abin Lura Daga Yammacin Zamfara

Manufar wannan maƙala ita ce duba irin ginin da ya dace da sashen nazarin muhalli na jami'a, idan aka yi la'akari da ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum. Dalili kuwa, ɗakin da ake koyar da tattalin muhalli a cikinsa bai kamata ya dogara ga janareta da na'urar sanyaya ɗaki kafin ya zaunu ba.

Maginan Hausa sun daɗe da sanin maganin zafin bazara. Katanga mai kauri ta tubali takan shanye zafin rana a hankali, ba ta sako shi sai dare ya yi. Rufin soro na azara, wadda ake samu daga giginya, gara ba ta cika cin sa ba, makuba kuwa tana kare bango daga ruwan sama. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shaida ne cewa ƙasa tana iya rufe babban zaure. A zamanin nan ma, an gina masallacin Dandaji ta Jamhuriyar Nijar da bulon ƙasa matsattse a 2018.

Sai dai a yammacin Zamfara ƙasar ita kanta abar bincike ce. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Da aka zo tsabtacewa, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka binne ta a wajen gari, aka zubo sabuwa. Bagega ba ta sami wannan aiki ba sai a 2013. Ashe ke nan, kafin a kwaɓa tubali ko guda, wajibi ne a auna ƙasar kududdufin da za a ɗebo, domin bangon da dalma ta shiga ƙurarsa guba ce ga mazauna.

Gummi kuma matsalarta ruwa ce, kamar yadda ambaliyar 2024 ta nuna. Ginin ƙasa a irin wannan wuri yana buƙatar tudu, da harsashin dutse ko siminti, da indararo mai kai ruwan rufi cikin tanki.