Tukunus, garin shanun madara

Yara, ku ɗauko taswirar ƙasarmu Nijar. Ku aza yatsa bisa Yamai, ku bi hanyar da ta nufi arewa maso gabas har Filinge. In kun ƙara kilomita 20 zuwa arewa, kun iso Tukunus. Daga Yamai zuwa nan kamar kilomita 200 ne. Tukunus ƙaramin gari ne cikin jahar Tilaberi, amma sunansa ya kai nesa saboda shanunsa.

Yanayin ƙasar

Garin yana cikin wani babban kwari da ake kira Dallol Boso. A zamanin da, kogi ne ke gudu cikin wannan kwari. Yau kogin ya ƙafe, amma akwai ruwa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ake samun rijiyoyi. Damina gajera ce, kamar wata 3 kaɗai, daga Yuli zuwa Satumba. Ruwan da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 400 ba. Ƙarangiya da sauran ciyayi suna fitowa da damina. Akwai kuma itatuwa irin su aduwa da jiga, waɗanda dabbobi ke cin ganyensu da rani.

Wannan yanki shi ne ƙasar Kurfai. Kurfayawa Hausa suke yi. Suna zaune tare da Zabarmawa da Fulani da Buzaye. Wasu manoma ne, wasu makiyaya, wasu kuma sun haɗa duka biyu.

Tarihin garken

A zamanin mulkin Faransawa aka fara aikin zaɓen shanu a Filinge. A 1954 aka kafa babbar cibiyar kiwo a Tukunus. Da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, cibiyar ta zama ta gwamnatin ƙasa. Filinta ya fi hekta 4,000. An kewaye shi da waya, an raba shi gida-gida, don shanu su ci ciyawar wani gefe, wani gefen ya huta.

Irin shanun da ake kiwo a nan su ne shanun Azawak. Sun samo sunansu daga ƙasar Azawak, wadda ke tsakanin Nijar da Mali. Jajaye ne, masu gajerun ƙaho da tozo. Suna jure zafi da ƙishirwa, kuma a duk shanun Sahel ba a cika samun waɗanda suka fi su madara ba. Saniya mai kyau tana iya ba da kamar lita 1,000 daga haihuwa zuwa yaye.

Yaya ake zaɓen? Ana tatsar shanu safe da maraice. Malaman dabbobi suna auna madarar kowace saniya, su rubuta a littafi. Wadda ta fi madara, ita ake barin ɗanta ya zama bijimin garke. Ta haka ƴaƴa suke gadon kyan iyayensu. Makiyaya suna sayen bijimai daga nan don su gyara irin shanunsu.

Arzikin garin

Mutanen Tukunus suna noman gero da wake, amma madara ce ta fitar da sunan garin. Da ita ake yin kindirmo da man shanu. Da nono ake dama fura. Mata kuma suna yin cuku: su sa madara ta daskare, su shimfiɗa ta fale-fale, su shanya ta bushe. Madara ba ta kwana cikin zafi ba ta lalace ba, amma cuku yana daɗewa, ana kai shi kasuwannin nesa. Kuɗinsa yana taimakon mata wajen sayen hatsi da sutura da magani.

Sai dai aikin yana da wahala. Da damina madara tana yawa har a rasa mai saye. Da rani ciyawa ta ƙare, shanu su rame, madara ta ragu, sai an haɗa musu da dusa. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi masu yawa a ƙasarmu. Har yanzu kuma Nijar tana sayo garin madara daga ƙasashen waje, ga ta da shanu miliyoyi. Don haka saniya guda mai ba da madara da yawa ta fi uku marasa madara, tun da ba ta cinye ciyawar shanu uku ba.

Tambayoyi

1. A cikin wane kwari Tukunus yake?
2. Me ya sa aka raba filin kiwo gida-gida?
3. Yaya ake zaɓen bijimin garke?
4. Don me mata suke mai da madara cuku?
5. Ku tambayi iyayenku: waɗanne irin shanu ake kiwo a garinku?